Dashe da Askin Wardi Mai Yaɗo a Bauchi: Yadda Na Ga Aikin Wani Lambun Renon Fulawa

Masu renon fulawa sun yawaita a garin Bauchi, kuma duk wanda ya bi manyan titunan garin zai ga baƙaƙen ledoji jere a inuwar itatuwa ana yi musu ban ruwa safe da yamma. Akasarinsu sayarwa kawai suke yi, wato ka biya kuɗi a loda maka a bayan mota, daga nan kuma duk abin da ya sami shukar ruwanka ne. Kaɗan ne suke haɗa sayarwa da dasawa da kuma zuwa duba shukar a kan kuɗin wata, kuma aikin ɗaya daga cikin waɗannan kaɗan ɗin nake son in auna a nan, musamman yadda suke kula da wardi mai yaɗo, wanda shi ne na damƙa musu amanarsa. Na ga hannunsu a damina, na gani a hunturu, na kuma gani a tsakiyar bazara, saboda haka abin da zan faɗa ba labarin yini ɗaya ba ne. Na sakaya sunan lambun da gangan, domin a cikin bayanin akwai ƙorafi, kuma ƙorafin na abubuwan da za su gyaru ne, bai kai a taɓa abincin mutane a kansa ba.

Ra'ayina shi ne aikin ya ci kuɗinsa, sai dai darajarsa kusan duka tana wuyan mutum ɗaya, wani dattijo da ke shugabantar ma'aikatan, wanda kowa ke kira Baba, saboda ya san lokacin da ake yi wa wardi aski a yanayin Bauchi da lokacin da ake ƙyale shi. Ranar da ya zo da kansa aiki yakan yi kyau, ranar da ya turo yara su kaɗai kuwa sai mai gida ya tsaya a kansu.

Wardin da yawancinmu muka saba gani shi ne mai tsayi, wanda yake miƙewa sama da 'yan rassa kaɗan, kowane reshe da babban fure guda a kansa. Mai yaɗo dabam yake. Gajere ne, yawanci tsakanin santimita 40 da 80, amma yana buɗewa gefe da gefe har faɗinsa ya kai mita guda ko ya ɗan wuce, rassansa sirara ne masu lanƙwasa, ganyensa ƙanana masu sheƙi, furanninsa kuma ƙanana ne da ke fitowa gungu-gungu a ƙarshen kowane reshe. Masu haɗa iri a Turai ne suka samar da shi domin rufe ƙasa a gefen tituna da gangare da sauran wuraren da ba za a samu mai kula da su kullum ba. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda Werner Noack ya fitar a garin Gütersloh na ƙasar Jamus a 1988 da sunan Heidetraum, wanda daga baya aka yi ta sayar da shi a duniya da sunan Flower Carpet. Akwai kuma jerin Drift da Meidiland na gidan Meilland a Faransa, sai wani tsohon iri mai suna The Fairy da ya fito a Ingila a 1932, wanda har yau ake dasawa saboda juriyarsa. Abin da ya sa aka amince da irin su Heidetraum shi ne wani gwaji da ake yi wa sabon wardi a Jamus mai suna ADR, inda ake dasa shi a lambuna daban-daban a bar shi shekara uku ba tare da an fesa masa maganin fumfuna ba, sai wanda ya fita da ganyensa lafiya ake ba shi shaidar.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya sa hannu a aljihu, kuma na yaba wa Baba da ya faɗa mini shi ba tare da na tambaya ba, wato wannan wardin ba shi da ƙamshin a zo a gani. Wanda yake tuna turaren wardin Ɗa'if na ƙasar Saudiyya, ko ruwan wardin da alhazai ke zuwa da shi tsaraba, ya sani cewa wancan wani iri ne dabam da ake nomawa a can da Turkiyya da Bulgeriya domin mai da turare, kuma sau ɗaya yake fure a shekara. Mai yaɗo an yi shi ne don ido da kuma riƙe ƙasa, kuma abin da ya rasa na ƙamshi yana biyan shi da yawan fure, domin yana gama wani yana ɗaukar wani.

Wurin da na so a dasa wani ɗan gangare ne tsakanin katangar gida da hanyar shigar mota, inda ruwan sama ke kwashe ƙasa duk shekara ya tara ta a bakin ƙofa. Bauchi tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba, mafi yawansa a Yuli da Agusta, saboda haka ƙasar da ba ta da abin riƙe ta ba ta zama wuri ɗaya. A zuwansa na farko Baba bai zo da shuka ko ɗaya ba, sai diga da fartanya. Ya haƙa nan da can, ya fito da ɓaraguzan bulo da busasshen siminti da magina suka binne, ya murza ƙasar a tafin hannunsa, sannan ya ce, “Alhaji, in aka dasa a haka, kuɗinka za ka binne. Siminti yana sa sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa kawai su rage kore, kuma duk takin da ka zuba ba zai gyara shi ba.” Maganarsa ta yi daidai da abin da aka sani, domin wardi yana son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, wadda ma'auninta na pH yake tsakanin 6 da 6.5, siminti kuwa yana ɗaga wannan ma'auni, kuma idan ya ɗagu sai saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe daga ƙasa ko da yana nan jibge. Bisa wannan dalilin ne ya hana a zuba toka a gindin shukar, duk da cewa mutane da yawa suna yin haka da nufin korar gara.

Ya kuma ƙi dasawa a ɓangaren da ke fuskantar yamma. Gaskiya ne wardi yana bukatar aƙalla awa shida na hasken rana a yini, sai dai ranar safiya da ranar la'asar ba ɗaya ba ce a garin da zafi ke kusantar digiri 40 a ma'aunin Salshiyas cikin Maris da Afrilu, balle a kusa da katanga da daɓen intalok masu maido da zafi. Ya zaɓi gefen da rana ke samu daga fitowarta zuwa azahar, daga nan inuwar katanga ta rufe shi.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne ciyawa. Jin cewa wannan wardi yana rufe ƙasa yakan sa mutane su zaci zai kashe ciyawa da kansa, alhali a shekarar farko bai isa ya rufe komai ba, kuma idan kiri-kiri ko aya-aya suka riga suka kafu a ƙarƙashinsa, cire su daga tsakiyar ƙaya wahala ce babba. Ma'aikatan sun tone wurin, suka tsince saiwar kiri-kiri da 'ya'yan aya-aya da hannu, suka yi ban ruwa suka jira abin da ya saura ya tsiro, sannan suka sake tonewa. Bayan haka suka haƙa ramuka masu zurfi da faɗin kamar santimita 40, suka cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen kashin shanu, suka bar tazarar kusan mita guda tsakanin shuka da shuka, ko da yake matse su zai fi ba su ciniki. Dashen daga Jos suke ɗauko shi, mai nisan kimanin kilomita 130 daga nan, kuma tun da Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, Bauchi kuwa wajen mita 600, shukar da ta taso cikin sanyin can takan yi laushi in aka dasa ta nan take. Su kan ajiye ta a inuwar lambunsu ta saba da iskar Bauchi kafin su kai wa mai saye, kuma sun jira ruwa ya zauna a watan Yuni kafin su dasa. A wannan ɓangaren ban ga ha'inci ko gaggawa ba.

Sai batun aski, wanda a kansa ne na fi son mai karatu ya tsaya. Kusan duk bayanin da mutum zai samu a intanet yana cewa a datse wardi a ƙarshen lokacin sanyi, wajen Fabrairu ko Maris, domin an rubuta shi ne don mutanen Turai da Amurka. Dalilinsu shi ne a can tsananin sanyi yana sa wardi ya zubar da ganye ya daina girma, sai a sare shi yana cikin wannan hutun, ya tashi da sabon toho idan gari ya fara ɗumi. A Bauchi babu wannan hutun. Wardi yana girma duk shekara muddin yana samun ruwa, kuma watan Maris ɗin da suke ambata shi ne farkon bazararmu, lokacin da rana ke ƙona duk sabon tohon da ya leƙo. Wanda ya bi lissafinsu a nan zai raba shukarsa da ganye a daidai lokacin da ta fi bukatar inuwar kanta, rassan da suka saba ɓuya su fito fili rana ta gasa ɓawonsu, su fara baƙi daga sama suna bushewa har zuwa gindi.

Baba yana yin babban askinsa ne bayan ɗaukewar ruwa, daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A lokacin marka ta wuce, saboda haka wurin da aka yanka ba zai kwana cikin danshi ya ruɓe ba, ƙasa kuma tana da sauran laima, sannan abin da ke tafe watannin sanyi ne, lokacin da asuba ke sauka ƙasa da digiri 15, rana kuma ba ta tsananta. Wardi yakan ɗauki mako shida zuwa takwas daga aski zuwa sabon fure, don haka wanda aka aske a ƙarshen Oktoba yana cika da fure a Disamba da Janairu, kuma furen sanyi ya fi girma, ya fi cikar launi, ya fi daɗewa a kan reshe. Masu lambu a arewacin Indiya, waɗanda su ma suke da damina da sanyi da zafi a jere irin namu, a watan Oktoba suke yin nasu askin, kuma dalilin ɗaya ne.

Na tsaya kusa da shi na ga yadda yake yi. Yakan fara da wasa almakashinsa, ya goge bakinsa da tsumma mai sifirit, ya sa safar hannu mai kauri saboda ƙaya. Ba ya fara yanka daga sama. Yakan durƙusa ya ɗaga rassan da sanda ya leƙa gindin, ya fara cire busassu da waɗanda suka yi baƙi, yana yanka yana duba cikin reshen, idan ya ga tsakiyarsa ruwan ƙasa ya san cutar ta riga ta gangara, sai ya ƙara yin ƙasa har ya tarar da fari tas. Bayan su sai rassan da suka sarƙe suna gogar juna, sai tsofaffin da suka yi kauri suka rage fure, waɗanda yake cire ɗaya ko biyu daga tushe a kowace shuka domin sababbi su samu wurin fitowa. A ƙarshe ne yake rage tsawon sauran, kuma a manyan rassa yakan nemi ido, wato gurbin da sabon toho ke fitowa, mai kallon waje, ya yanka kamar rabin santimita a samansa a karkace, yadda ruwa zai zame ya bar idon. Na ce masa, “Baba, me ya sa sai mai kallon waje?” Ya ce, “Inda ido ya kalla can reshe zai nufa, Alhaji. Wannan kuwa so muke ya bazu ya rufe ƙasa. In ka bar na ciki sai ya cunkushe, iska ta kasa shiga, damina ta zo ta same shi a haka.” Kafin ya matsa daga shuka mai alamar cuta zuwa ta gaba sai ya sake goge almakashin, kuma duk abin da ya yanke yara suna tattarawa a buhu a fitar da shi daga wurin, ba a barinsa a gindi.

Game da yawan abin da ake cirewa, masu irin Flower Carpet suna cewa a sare shi a bar kashi ɗaya cikin uku na girmansa, masu Drift kuma suna cewa a mayar da shi santimita 15 zuwa 20 daga ƙasa, har ma sun yarda a yi da babban almakashin shinge ba tare da neman ido ba, domin idanun irin suna kusa da juna kuma yana tofowa ko ta ina aka yanka. Baba ba ya kai wa nan. Yakan cire kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, ya bar sauran da ganyensa, kuma ina tare da shi a kan haka, domin shukar da ba ta yi hutun sanyi ba ganyen da aka bar mata shi ne yake ciyar da sabon tohon, shi ne kuma yake kare ƙasar gindinta daga busasshiyar iskar hunturu. A shekarar farko ma bai yi babban aski ba sam, sai dai cire busasshen reshe da daidaita wanda ya yi tsawo fiye da kima. Inda ya ga fili tsakanin shuka biyu, sai ya lanƙwaso dogon reshe ya danne shi a ƙasa da lanƙwasasshiyar waya, reshen ya yi toho a duk tsawonsa, wani ma ya yi saiwa a inda ya taɓa ƙasa, da haka gangaren ya haɗe.

Aski na biyu ƙarami ne, ana yin sa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni idan ruwa ya fara zama, domin a cire abin da bazara ta ƙona a kuma buɗe tsakiyar shukar iska ta riƙa ratsawa. Tsakanin waɗannan biyun babu abin da ake yi sai yanke gungun furen da ya gama, abin da ke gaggauta fitowar na gaba. A cikin bazara furen yakan ƙanƙance, mai ruwan hoda ya koɗe ya kusa zama fari, kuma wannan ba cuta ba ce, zafi ne, maganinsa ruwa da haƙuri.

A nan ne babban ƙorafina yake. Wata rana cikin Afrilu Baba ba ya nan, aka turo yara su kaɗai, ɗayansu ya ɗauki adda ya daidaita kan layi guda na wardin yadda suka saba yi wa fulawar shinge. Adda tana farfasa reshe ta bar bakinsa a tsage, kuma ga rana tsaka, saboda haka cikin ɗan lokaci rassan suka fara baƙi daga inda aka sara. Da na kai ƙara, Baba ya zo da kansa, ya ba da haƙuri, ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya da almakashi yana gyara yankan, ya kafa 'yar rumfar zana a kansu har ruwa ya sauka, waɗanda suka mutu kuma aka sake dasa wasu ba tare da an karɓi ko kwabo ba. Wannan halin kirki ne kuma na shaida shi, amma laifin ba na yaron ba ne shi kaɗai, domin wanda ya turo shi bai koya masa bambancin wardi da shinge ba. Lambun da ke karɓar kuɗin wata bai kamata iliminsa ya tsaya a kan mutum ɗaya ba.

Kulawarsu ta damina tana da kyau. Babbar matsalar lokacin ita ce cutar baƙin ɗigo, wadda wata fumfuna ke kawowa, inda ganye ke yin ɗigo-ɗigon baƙi, ya yi rawaya, ya zube. Cutar tana bukatar ganye ya zauna a jiƙe kamar awa bakwai kafin ta kama, shi ya sa ta fi ƙarfi a marka, shi ya sa kuma suke hana ban ruwa ta saman ganye da yamma. Irin mai yaɗo yana da juriya a kanta fiye da mai tsayi, amma juriya ba ta hana kamuwa ɗungurum, musamman a ganyen ƙasa da ruwan sama ke fantsama wa laka. Suna tsince ganyen da ya zube su ƙona, kuma sai abin ya yi yawa suke fesa maganin mancozeb.

A hunturu da bazara kuwa abokin gaba wani ƙanƙanin jan gizo-gizo ne da ke zama a bayan ganye yana tsotse shi, ganyen ya yi fari-fari kamar an watsa masa gari, daga baya ya bushe. Ƙura da bushewar iska su ne abin da yake so. Baba yakan sa farar takarda a ƙarƙashin reshe ya girgiza, idan ya ga ƙananan ɗigo suna motsi a kanta ya san sun iso. Maganinsa na farko ruwa ne, wato a juya bakin tiyo sama a wanke bayan ganyen da sassafe yadda zai bushe kafin hantsi. Na biyu kuma 'ya'yan dogon yaro ne da ake dakawa a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma, kuma wannan yana rage darɓar da ke taruwa a kan sabon toho bayan aski. Yana guje wa maganin ƙwari mai ƙarfi, domin yana kashe ƙwarin da ke cin gizo-gizon ya bar shi ya hayayyafa ba mai tare shi. Sai dai a ranakun da ake feshin maganin kanti na ga abin da ya dame ni ƙwarai, wato yaro yana auna magani da murfin kwalba, yana fesawa babu safar hannu babu abin rufe hanci. Na yi magana, aka kawo masa a zuwa na gaba, amma lafiyar ɗan mutane ba abin da za a jira mai gida ya tuna ba ne.

Wajen taki suna da tsari mai sauƙi. Bayan kowane aski sukan zuba ruɓaɓɓen kashin shanu da ɗan abin da bai kai cikin tafi ba na NPK 15-15-15, a zagaye nesa da gindi, a bi shi da ruwa nan take. Ba sa amfani da ɗanyen kashin kaji domin yana ƙona saiwa, ba sa zuba yuriya ita kaɗai domin tana kawo ganye mai laushi da ƙarancin fure, kuma ba sa ba da taki a tsakiyar bazara. Suna lulluɓe ƙasar da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa mai kaurin kamar santimita 5 domin riƙe laima, amma suna barin faɗin tafin hannu a kewayen gindi, saboda gara tana bin busasshen abu, kuma in ya manne da shukar ta samu hanya. Wannan ma wani dalili ne da ya sa Baba ba ya barin kututturen busasshen reshe.

Ruwa kuwa nauyin mai gida ne, kuma sun faɗa mini haka tun farko. A hunturu ban ruwa mai zurfi sau biyu ko uku a mako ya isa, a bazara kuwa kusan kullum ne, a gindi kuma da safe. Wanda ba shi da rijiya ko bohol ko babban tanki, sai dai ya dogara da 'yan garuwa, zai ga kuɗin ruwan Maris da Afrilu ya fi kuɗin shukar, kuma na ji Baba yana ba wani mai saye shawarar ya haƙura da wardi ya ɗauki fulawar da ke jure ƙishirwa. Haka nan wanda wurinsa yake wajen katanga sai ya yi shinge, domin ƙaya ba ta hana akuya cin sabon toho.

Wani rauni da suke da shi shi ne sayar da shuka da launi kawai, wato ja ko fari ko ruwan hoda, babu takardar suna a jikin ledar. Wannan yana da illa, domin girman iri ya bambanta kuma da shi ake yanke tazara. A cikin nawa an samu wanda ya miƙe sama ya fi sauran tsayi nesa ba kusa ba, sai da aka tumɓuke shi aka sauya. An kuma samu 'yan aure a ciki, wato waɗanda aka ɗora a kan saiwar wani wardin kamar yadda ake yi wa mangwaro, alhali mai yaɗo ya fi kyau a kan saiwarsa ta asali, domin ko samansa ya ƙone abin da zai tofo daga ƙasa irinsa ne. Ɗan aure kuwa yakan fito da dogon reshe daga ƙasan mahaɗar, mai ganye dabam, wanda in aka bar shi zai shanye ƙarfin shukar. Baba yakan tone ƙasar har inda reshen ya fito ya fizge shi daga tushe, domin in aka yanke shi daga sama sai ya dawo da 'yan'uwansa. Ya iya gyaran, amma da an faɗa wa mai saye tun a lambu da ya fi.

Farashin dashen ya fi na fulawar shinge sosai, kuɗin watan ma ba na wasa ba ne, ko da yake araha ba ta ado, kuma ba su ɓoye sana'arsu don su riƙe mutum ba. Baba ya nuna mini yadda ake raya sabon dashe daga rassan askin Oktoba, wato a zaɓi mai kaurin fensir, a yanka santimita 15 zuwa 20, a cire ganyen ƙasa, a soka rabinsa a leda mai yashi da ruɓaɓɓen taki, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa har ya yi saiwa, kuma da irin waɗannan ake cike gurbin wanda ya mutu. Abin da ba su da shi shi ne rubutacciyar yarjejeniya da rasit, ranar zuwansu ma takan goce idan aiki ya yi musu yawa. Wanda zai ɗauke su ya nemi a rubuta ranakun zuwa da abin da kuɗin watan ya ƙunsa, da wanda zai sayi taki da magani, ya kuma sa sharaɗin cewa adda ba za ta taɓa wardin ba kuma ba za a yi aski ba sai dattijon yana tsaye a wurin. Ya kama layin askin Oktoba tun cikin Satumba, domin da zarar ruwa ya ɗauke gidaje da ofisoshi sukan yi musu yawa, kuma askin da ya zarce tsakiyar Nuwamba yana rage wa shukar rabonta na watannin sanyi.